Harafi Ɗaya a Fasfon Yaya Sa'adu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sa'adu a nan Dubai. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana na ga ya kamata in yi magana, domin labarinsa ba namu ba ne mu kaɗai, kuma shi kansa, tun da ya samu bakin magana, bai ƙara ɓoye shi ga kowa ba.

A Fagge aka haife shi, a ɗakin Ummanmu, a hannun ungozoma. Ta duba ta ce mace ce, aka raɗa suna Sa'adatu. Ni ce ke bi masa, don haka na buɗe ido na tarar da yaya mace, mai yi mini kitso, mai riƙe hannuna zuwa Islamiyya. Da aka kai shekarun balaga ne al'amura suka rikice. Sa'o'inta duk suka fara al'ada, ita shiru. Murya ta buɗe, kafaɗu suka yi faɗi, gashi ya fara tsirowa a haɓa. Umma ta sayo hijabi mai kauri, ta hana fita, ta hana ɗaga murya idan da baƙi a gida. Baba kuwa ya ce a tafi Umra a roƙi Allah sauƙi. Don wannan tafiyar aka yi fasfo, aka ɗauki hoton yatsu, aka buga harafin da ke nuna mace. Babu wanda ya kawo a ransa cewa wannan harafin zai zame mana abin kuka shekara da shekaru.

Bayan sun dawo Baba ya daure ya kai shi asibiti. Likitoci suka yi gwaje-gwajensu suka ce namiji ne, halittarsa ce ba ta fito sarari ba lokacin haihuwa, abin nan da mutane ke kira mata-maza. Baba bai tsaya nan ba, ya je wurin malaminsa yana zaton zai ji abin tsoro. Malam ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba sabon abu ba ne, littattafan fiƙihu sun ware masa babi tun da daɗewa, ana duba alamun da suka rinjaya a yi hukunci da su. Aka yi aiki a asibiti, aka yanka rago, aka sake suna. Sa'adatu ta zama Sa'adu.

Ni abin ya zo mini da sauƙi. Yaya nake cewa da, Yaya na ci gaba da cewa. Umma ce ta kasa. Idan ta buɗe baki sai "ke" ta kuɓuce mata, ta ga fuskarsa ta canja, ta ji kunya. Daga baya sai ta daina kiransa kai tsaye. "A zo a ci abinci." "An yi salla kuwa?" Haka uwa da ɗa suka zauna gida ɗaya, tana zagaye shi da magana kamar baƙo. A waje kuma abin ya fi muni. Idan ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya matsa. Masu shayi su yi shiru idan ya zo wucewa, ya gota su kwashe da dariya. Da Baffa Habu, ƙanin Baba mai shagon yadi a Bur Dubai, ya zo gida ya ga halin da ake ciki, sai ya ce a ba shi yaron ya tafi da shi inda ba wanda ya san shi da ɗankwali.

A nan harafin ya fara nuna kansa. An yi rantsuwa a kotu, an buga sanarwa a jarida, an sauya sunan da ke fasfo ba wata wahala. Gurbin jinsi kuwa jami'in ya ce ba zai taɓa ba. Yaya ya sha ba mu labarin yadda mutumin ya ce masa, "Malam, na ga gemunka, na ga takardar likita, ni dai na yarda. Amma nuna mini dokar da ta ce in gyara wannan wurin." Babu dokar. Ba wadda ta hana, ba wadda ta ba da dama. Haka ya shigo Dubai da suna na namiji da harafi na mace, bayan an tsare shi a filin jirgi ana ta juya takardar likitansa daga wannan hannu zuwa wancan.

Dubai ta karɓe shi. Yana da ido a kan yadi, ya shafa shadda ya gaya maka inda aka saƙa ta. Cikin 'yan shekaru Baffa ya sakar masa shagon, ya kama sito a Al Warsan, 'yan kasuwar Kantin Kwari suka riƙa sauka kai tsaye wurinsa, shi zai haɗa musu kaya ya cika kwantena. Lokacin da ni ma na fara zuwa saro, nakan zauna gefensa a cikin abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallaka da mutane, in ga yadda yake wasa da matuƙa da Larabcinsa na kasuwa, in ce a raina wai wannan ne wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki. Amma duk lokacin sabunta takardar zama sai ya rame. Za a tura shi gwajin lafiya ɓangaren mata, ya tsaya da jallabiyarsa da gemunsa, mai gadi ya taso masa, ya sake buɗe cikinsa ga wanda bai sani ba, a gaban jama'a. Banki haka, hayar gida haka. Tafiya kuwa ya daina gaba ɗaya. Ko da Baba ya rasu, ta waya ya karɓi gaisuwa.

Sai Mariyama ta shigo rayuwarsa. 'Yar Zangon Kumasi ce, tana karɓar baƙi a wani otal da mutanenmu ke sauka. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne, kowa "ya zo" ne, har uwarta. Yaya yakan ce abin da ya fara burge shi ke nan, ya samu mutum ɗaya a duniya da ba za ta taɓa kuskuren kiransa ba. Kafin ya nemi aurenta ya zaunar da ita ya gaya mata komai, har da cewa likita ya ce da wuya ya haihu. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To, shi ke nan? Ni mutum na gani. Ka je ka ga kawuna." Amma ba a ɗaura aure a hukumance tsakanin takardu biyu da duk suka ce mace. Ko an shafa fatiha a Kano, a nan ba za su iya zama ɗaki ɗaya a matsayin miji da mata ba. Yaya da ya saba sunkuyar da kai ya wuce, a wannan karon ya ce ya gaji.

Ana cikin haka ƙasar nan da Dubai ke cikinta ta fitar da wata doka kan aikin likita, wadda ta halatta gyara ga wanda aka haifa da halitta mai rikitarwa, in likitoci sun tabbatar. Ni ba lauya ba ce, ba zan ce na san sassanta ba. Abin da na sani shi ne ranar da ya ji labarin ya rufe shago da rana tsaka. Wani lauya ɗan Sudan ya gaya masa gaskiya: "Habibi, wannan dokar ba za ta taɓa fasfonka ba, ƙasarka ce kaɗai za ta iya. Amma yanzu hukuma ta san da irinka. Ka samu rahoton likitocin nan, ka kai wa alƙali a gida." Ya bi asibiti wata da watanni, aka duba shi ciki da waje, aka ba shi rahoto. Sannan ya yi abin da ya fi tsoro, ya sake bi ta filin jirgi da tsohon fasfon, ya tafi Kano ya shigar da ƙara.

Shari'ar ta ja. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. A ƙarshe alƙali ya ce ya ga takardun likitoci, ya ji bayanin malami, amma yana son jin bakin wanda ya ga haihuwar. Ungozoma ta rasu, Baba ya rasu, saura Umma. Da muka gaya mata ta ce ita ba za ta je ta tona asirin ɗakinta a gaban maza ba, a bar ta ta mutu da mutuncinta. Yaya bai matsa mata ba. Ya durƙusa ya ce, "Umma, ba komai, Allah ya ƙara girma," ya tashi. Ranar zaman muna shirin fita sai muka gan ta a zaure, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, tana jiran mu. Muka tafi kotu tare.

Ina zaune a baya lokacin da aka kira ta. Ta tsaya gaban alƙali. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na haife shi. Ungozoma ta yi kuskure, ba da gangan ba. Ni kuma da na gane sai na rufe shi da hijabi saboda tsoron bakin mutane. Ɗana ne, namiji ne. Shi ke ci da ni tun da mahaifinsa ya rasu. A ba shi takardarsa." Sai ta juya ta dube shi ta ce, "Kai kuma ka daina kuka a gaban mutane." Wannan ce "kai" ta farko da ta fito daga bakinta. Alƙali ya ba da umarni a gyara. Ofishin fasfo ya ɗan ja ƙafa, amma umarnin kotu umarnin kotu ne.

Tare muka dawo Dubai da sabon fasfo. Ina bayansa a layi. Jami'in ya karɓa, ya duba, ya buga hatimi, ya miƙo masa ko kai bai ɗaga ba. Yaya ya tsaya ƙiƙam yana jiran tambaya. Mutumin ya ɗago ya ce, "Khalas, yalla," yana yi masa nuni ya ba na baya wuri. Muna fita ya zauna a kan akwatinsa yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Bilki, kin ga ko kallona bai yi ba!" An ɗaura aurensu da Mariyama, mutanen Kano da na Zango suka cika motoci muka tafi Hatta, muka shimfiɗa tabarmi a gindin duwatsu kusa da dam, aka ci dambun nama da wake da shinkafa irin ta mutanen Gana. Daga nan ya ɗauki Umma da amaryarsa suka tafi Umra. Wancan karon da hijabi ya je. Wannan karon ya ɗaura harami.

Bai cika shekara biyu da aure ba ciwon hanta ya kwantar da shi, kuma bai daɗe yana jinya ba. Wasu sun ce abin tausayi, ya sha wahala ya samu, bai ci moriya ba. Ni ban gan shi haka ba. Na ga yadda ya yi waɗannan watannin, yana tafiya China da Indiya saro kaya don kawai yanzu zai iya, yana ajiye fasfo a kan kanta kamar kowa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da abin da ya biyo bayansa. Tun yana raye labarin shari'ar ya bazu a bakin 'yan kasuwa, sai ka ga alhaji ya gama sayen yadi ya ƙi tafiya, ya ja shi bayan shago yana raɗa: akwai wata 'yar ƙanina, akwai wani jikana. Yaya yakan ce musu ku kai asibiti, kada ku ɓoye, kada kuma ku yi gaggawar yanke hukunci tun yaro bai san kansa ba. Yanzu Mariyama ke riƙe da shagon, kuma har yau ana jan ta gefe. Bara wata budurwa daga Katsina, wadda ita kuma aka taso da ita a matsayin namiji, ta bi hanyar da ya bi ta samu takardunta, ta zo har Bur Dubai ta yi mana godiya.

Amma na san zai yi tsaki idan ya ji cewa har yanzu a gida babu doka bayyananniya. Kowa sai ya nemi lauyansa, ya yi addu'ar Allah ya haɗa shi da alƙali mai fahimta, ya kwance sirrinsa a bainar jama'a. Wanda ba shi da hali kuwa sai ya mutu da harafin da ba nasa ba. Abin da muke roƙon 'yan majalisa bai taka kara ya karya ba: a rubuta inda mutum zai je, da waɗanda za su duba shi, da yadda za a rufa masa asiri, don jami'in da ke bayan tebur ya samu abin da zai dogara da shi.

Na san kuma duniya na ta muhawara kan wasu mutanen daban, waɗanda likita bai ga komai a jikinsu ba amma suka ce jinsin da aka rubuta musu ba shi ne nasu ba. Wasu ƙasashe sun sauya dokokinsu dominsu, wasu sun ƙara tsanantawa. Ni ba malama ba ce, ba zan yi fatawa ba. Amma na taɓa tambayar Yaya, saboda akwai irinsu da ke aiki a wani shagon gyaran gashi kusa da nasa, kuma yana gaisawa da su da mutunci. Ya ce, "Bilki, ban san abin da ke zuciyarsu ba, Allah ne ya sani. Amma na san abin da cikinsu ke yi idan aka ce kawo takardarka. Wanda ya ɗanɗana wannan ba zai yi wa wani dariya ba."

Bai bar ɗa ba, bai bar gini ba. Ya bar hukuncin kotu guda ɗaya da lauyoyi ke nema su karanta, da iyayen da suka daina kulle 'ya'yansu a ɗaki. Sai bayan rasuwarsa Mariyama ta gaya mini abin da bai taɓa faɗa mini ba. Ashe ba layin asibiti ba ne babban tsoronsa, ba filin jirgi ba. Tsoronsa shi ne ya mutu a baƙuwar ƙasa, a duba takarda, a tura gawarsa wurin wankan mata, a tsaya ana gardama a kansa ba shi da bakin bayani.

Ranar jana'izarsa ina ɓangaren mata a masallaci, Mariyama na jingine da kafaɗata. Maza suka yi masa wanka, maza suka ɗauko shi, ba wanda ya tambayi kowa komai. Bayan an idar da la'asar muka ji an yi sanarwa ta lasifika da Larabci, a yi salla ga mamaci, namiji. Mariyama ta damƙe hannuna ta ce, "Kin ji?" Na ce na ji. Muka miƙe muka shiga sahu.

Allah ya jiƙanka, Yaya Sa'adu.