Sista Monica, Mai Juya Gado Gabas

An daɗe ana raɗe-raɗin cewa asibitin 'yan Katolika da ke hanyar Karakkai ya tafi ke nan. Ni ban yarda ba; na sha jin labarin da ya girme ni kuma ya mutu ya bar ni. Sai ga shi ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Sista Monica, nas ɗin da ta riƙe shi shekara talatin, ta rasu a Gusau.

Sista, ɗaki huɗu kika tarar, da gado tara, da firiji mai kananzir don maganin saran maciji. Ranar da ciwon matata Saude ya tsananta, na shigo na iske ki kina jan gadonta ke kaɗai.

"Me ake yi, Sista?"

"Baba Lawali, ba gabas kuke fuskanta ba? Kama nan, ka daina tsayuwa kamar turke."

Da haka kika gaya mini lokacinta ya yi. Saude ta cika tana fuskantar alƙibla. Duk yankin nan an san ma'anar ƙarar gado a kan simintinki. Har Alhaji Muktar, da kika ja nasa saboda yoyon rufi, ya hau wasiyya yana yafe wa maƙiya. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya, bai kuma yafe miki ba.

Da hanya ta ɓaci da 'yan bindiga, cocinku ya rufe asibitinsa na wajen Tsafe, ya rufe na kusa da Wanke, sannan namu. Aka ce na ɗan lokaci ne. Na riƙe wannan magana shekara biyu, muna ta share harabar asibitin. A cikinsu jikata Husna ta haihu a bayan babur kafin Bungudu, jaririn bai zo da rai ba.

Addininmu daban, hukunci na Allah ne; ni shaida kawai zan bayar. Ubangijin da ba Ya tauye alherin kowa Ya dubi naki. Haruna da Esta, 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙurin rashin uwa.

Mutane da yawa sun ce mini ba za a sake buɗewa ba, na musa. Da na je dubiya Gusau na tambaye ki sai yaushe, kika ce, "Baba, ku daina share harabar can."

Ke ce ta ƙarshe da ta faɗa mini. Ke kuwa ban taɓa musa miki ba.