Tokaren da Audi Ya Kwance a Faskari

Audi na Mabai ɗan magina ne, jikan magina. Shi da wansa Gide sun buɗe ido ne suka ga ubansu a bisa katanga. A wancan zamani ginin ƙasa ake yi, mai kaurin bango. Magini yakan haye bangon kamar mai hawan jaki, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, na ƙasa suna cilla masa tubali yana cafewa. Bangon da mutum yake ginawa shi ne mazauninsa, ba ya bukatar a kafa masa wurin tsayawa.

Sai kuɗin fetur ya shigo ƙasa, bayan an koma tuƙin dama, fam ta ba naira wuri. Kwangila ta yi yawa har ta fi masu yin ta. Siminti ya zo da bulo, shi kuwa bangon bulo siriri ne, ɗanyensa ba ya ɗaukar mutum. Dole aka koma kafa itatuwa a jikin gini, a ɗaure su da igiya, a shimfiɗa katako a sama. Magina suka sa wa abin suna gado. Ƙarfin gado ba ga tsayayyun ƙafafunsa yake ba, yana ga itatuwan da ake gittawa a karkace, waɗanda ake kira tokare. Su ne ke hana shi rangaji.

A cikin waɗannan shekaru ne wani tsohon dillalin gyaɗa, Alhaji Harisu, ya sami aikin gina dogon sito a Ƙanƙara, ya ɗauki Gide da Audi. Wata rana da hantsi Gide yana can ƙololuwar bango yana jera bulo, sai ga Alhaji da mota. Wani aikinsa na Sabuwa ya tsaya saboda rashin itace, don haka ya umarci masu lodi su kwance tokaren gadon su zuba a mota. Audi, da bulo a kansa, ya ce, "Alhaji, akwai mutum bisa."

"Ƙafafun gadon ba ga su nan tsaye ba?" in ji Alhaji. "Tokare ado ne. Ku kwance, mota na jira."

Audi ya yar da bulon, ya ƙwala wa wansa kira ya sauko. Gide ya taso ke nan zai nufi tsani, gadon ya kwanta gefe ɗaya kamar dawar da iska ta buga. Bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye. Maɗorin Pauwa ya yi iyakar saninsa, ƙafafun dai ba su sake ɗaukar mai su ba.

Da abin ya tsaya nan, da an ce ƙaddara an yi haƙuri. Amma da mutane suka fara tambayar yadda aka yi gado ya zube, sai Alhaji Harisu ya ce ai farfaɗiya ce ta kama Gide a sama, ya yi ta bugun katako har ya rusa gadon, kuma an daɗe da sanin ciwon a gidansu. Masu lodin baƙi ne, sun tafi da motarsu. Maganar mai kuɗi kuwa ƙafafu gare ta. Kafin wata ya juya ta kai Faskari, ta kai Sabuwa. Mai neman auren Suwaibatu, ɗiyar Gide, ya ɗauke ƙafa. Mata suka daina aron ƙwarya a gidan. Shi kuma Audi, duk inda ya je neman aiki sai a ce, "Ka yi mana na ƙasa dai, kada abin gidanku ya tashi bisa."

Haka aka sauko da jikan magina daga bango, ba da laifin kowa nasa ba. Da ya ga na ƙasa aka bar masa, sai ya kama kafa gado, ya kuma kama shi da zuciyar mai jiran rana. Ba ya ɗaura ɗanyen itace, domin in ya bushe yakan rame igiya ta saki. Ƙarƙashin kowace ƙafa yakan sa faffaɗan dutse. Katako mai tsaga ba ya hawa gadonsa, kuma sai ya ɗaure bakin kowanne, ya gitta sanda daidai ƙugun mutum ta bayan masu aiki. Kowace safiya shi ke fara hawa, ya bi ƙulli ɗaya ɗaya yana ja. Igiyar kuwa ta rama ce, tufkar Gide, wanda a lokacin ake kai shi kasuwar 'Yankara a kan jaki ya zauna yana sayarwa. Shekaru suka wuce ba a ji wanda ya faɗo daga gadon Audi ba, har magina suka riƙa tambaya kafin su karɓi aiki, "Wa ya ɗaura gadon?" Duk da haka ba wanda ya ce masa ya hau ya jera bulo, kuma Suwaibatu tana nan a gida.

Ana nan sai Alhaji Harisu ya tashi gina wa kansa bene a Faskari. Shugaban aikinsa, wani Rabo, ya nemo Audi don maginan sun ƙi hawa gadon kowa. Alhaji ya wuce shi sau da yawa bai gane shi ba, shi ma bai tuna masa ba.

Ranar zuba kankaren rufin sama, jama'a ta cika wurin. Leburori sun zo daga ƙauyuka da kwanoninsu, ga masu abinci, ga 'yan kallo, domin bene abin kallo ne a lokacin. Da azahar aka sauko hutu, sai Alhaji ya ga dama ta samu ya hau shi kaɗai, ya ga aiki, a kuma gan shi. Ya tattare babbar riga, ya bi tsani har katakon ƙarshe, ya tsaya yana nuna wa abokansa gari da sanda.

Audi ya tashi ba gaggawa. Ya janye tsanin ya kwantar a ƙasa. Sannan ya kama tokaren farko ya kwance, ya jefar. Gadon ya ɗan yi ƙara. Rabo ya taso, Audi ya ce masa, "Malam Rabo, tsaya inda kake. In ka ture ni, igiyar da ke hannuna za ta tafi."

Alhaji ya leƙo. "Kai, mi kake yi haka?"

"Itace nike rage maka, Alhaji. Na ji an ce aikinka na Sabuwa ya tsaya."

"Ba ka ga akwai mutum bisa ba?"

"Na gani. Ƙafafun gadon ba ga su nan tsaye ba? Tokare ado ne."

A nan ne Alhaji Harisu ya dube shi da kyau, ya gane shi. Audi ya kwance na biyu. Gadon ya yi rangaji, sandar Alhaji ta faɗo, hularsa ta biyo ta. Ya durƙusa ya rungume katako, jikinsa yana ɓari har ana jin ƙarar itacen daga ƙasa. Ya ƙwala wa Audi kira.

"Mi kake so? Faɗi, in ba ka."

"Ba ni son komi naka. Ga mutanen Ƙanƙara nan, ga na Sabuwa, ga na Faskari. Gaya masu abin da ya kada Gide ɗan Mabai."

"Gadon ne ya zube."

Audi ya ɗora hannu a kan tokare na uku. "Mi ya zubar da shi?"

"Ni na sa aka kwance tokare."

"Ɗaga murya, Alhaji, na baya ba su ji ba. Farfaɗiyar fa?"

"Ni na sa aka kwance tokare! Farfaɗiya babu ita. Ni na ƙaga. Don Allah ka sa tsani."

Audi ya juya ga jama'a, ya nuna mutumin da ke makyarkyata a sama, ya ce, "Ku duba da kyau, jama'a. Ko dai a gidan Alhaji ciwon yake?" Wata mai fura ce ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Audi ya mayar da tokaren biyu ya ɗaure tam, domin ba ya barin gado da rauni, amma tsanin bai taɓa shi ba. Ya saɓa igiyarsa ya kama hanya. Rabo ne ya jingina tsani, aka sauko da Alhaji a hannu kamar buhu.

Alhaji Harisu bai kai ƙara ba, domin kai ƙara sai ya sake faɗin maganar a gaban alƙali. Benen ya ƙare, ya zauna a cikinsa, amma har ya bar duniya sunan da ake kiransa da shi a bayan ido shi ne Alhaji Ado.

Ranar kasuwar 'Yankara, Audi ya iske wansa a cikin igiyoyinsa. Labari ya riga shi isa. Gide bai ɗago daga tufka ba ya ce, "An ce ya faɗa da bakinshi."

"Ya faɗa, Yaya. Sau biyu na sa shi."

"Da ya ƙi fa? Da ka kada shi?"

"Tun da safe na ɗaure gadon a jikin tagogin benen ta ciki. Ko duk tokaren na kwance, rawa kurum za shi yi. Gadona bai taɓa kada mutum ba, ba kan wanga za ni ɓata sunana ba."

Gide ya ja igiyar tufkarsa, ya ce, "Da na so in ga rawar."

Bayan kaka aka ɗaura auren Suwaibatu da wani magini na Pauwa. Aka kuma yi ta kiran Audi ya hau ya jera bulo kamar da. Ya ƙi. Ya ce waɗanda suka yarda da maganar Alhaji a kansa ba za su ga bulon hannunsa ba. Gado dai ya ci gaba da ɗaura musu har tsufa ya hana shi jan igiya, kuma ko sau ɗaya bai bar ƙulli a sake ba.