Bayan Gada Ba Wanda Ya San Wani

"Wai da gaske an sayar da gidan?"

"An sayar. Wasu matasa biyu daga New York, masu ɗan karen nan da ake sa wa riga."

"To ita tsohuwar fa?"

"Wurin 'yar ƙaninta za ta koma, ƙarshen Satumba."

"Goggo Odete a gidan wani? Na ba su sati ɗaya, za ta fara duba musu ƙura a bayan talabijin."

"Kai dai miƙo sukari. Shekara sha ɗaya muna zuwa nan, ka taɓa ganin an ba wani ɗaki na huɗu a sati na biyu na Agusta?"

"An ce fatalwa ce a ciki."

"Fatalwar da take aiki sati ɗaya a shekara? To 'yar'uwarka ce, malalaci."

Ina jin su ta tagar kicin da ke fuskantar baranda, ina soya ƙwai. Shekara talatin da shida ke nan ina dafa karin kumallo a masaukin Odete Cabral a Provincetown, kuma na san babu fatalwa a ɗaki na huɗu. Ina tsaye a wurin ranar da aka yi abin da ya sa ɗakin yake kwana babu kowa.

Odete 'yar masunci ce. A gidan aka haife ta, a ɗakin da muke ajiye zannuwan gado yanzu. Da mahaifinta ya rasu ya bar mata ɗakuna bakwai da rufi mai yoyo, sai ta kafa allo a ƙofa ta fara saukar baƙi. Baƙin da jirgin ruwa yake kawowa daga Boston duk lokacin zafi irinmu ne, maza masu son maza da mata masu son mata, mutanen da suke shekara guda suna taka-tsantsan don su sami kwana bakwai su riƙe hannun wanda suke so a kan titi. Ita ma tamu ce. Ita da Maxine sun yi shekara arba'in a ɗakin bayan kicin suna faɗa a kan gishirin miya, har Maxine ta riga ta gidan gaskiya.

Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ba mai yawan fara'a ba ce. Idan ka shigo da yashi a ƙafa, tsintsiya za ta miƙa maka ba tare da ta dube ka ba. Amma ta san wanda ba ya cin albasa, ta san waɗanda suka rabu bara, ba za ta haɗa su tebur ɗaya ba.

Abu biyu ne suka sa mutane suke kwana a gidanta hankali kwance a wancan zamanin. Na farko hotuna. Ranar da baƙi za su tafi sai ta tsayar da su a matakalar baranda ta ɗauke su hoto, amma ba mai tafiya da shi, domin hoto ɗaya a ƙasan jaka ya isa ya raba mutum da aikinsa ko da 'ya'yansa. Kowa yana da gwangwanin biskit nasa a saman kabad ɗinta. Idan sun dawo baɗi ta sauko da shi, su kalla, su yi wa juna tsiyar tumbi da sanƙo, ta mayar.

Na biyu kuwa gada. Duk wanda zai bar yankin nan da mota sai ya tsallake gada, kuma Odete tana gaya wa kowane sabon baƙo tun kafin ta ba shi makulli: "Bayan gada ba wanda ya san wani." Idan ta gamu da kai a Boston kana tare da mahaifiyarka ko shugabanka na aiki, za ta wuce ka kamar turken lantarki. Ba ta aika wa kowa wasiƙa gida, domin hatimin gidan wayar garin nan kaɗai a jikin ambulan tonon asiri ne.

Ɗaki na huɗu, sati na biyu na Agusta, na Walter da Desmond ne. Daga Worcester suke zuwa. Walter Pruitt ma'aikacin inshora ne, baki ba ya hutawa. Desmond Kealy malamin sakandare ne, sai ka yi masa tambaya biyu kafin ya amsa ɗaya. A can kowa da gidansa, titi biyu ne tsakaninsu. A nan kaɗai suke da ƙofa ɗaya.

"Goggo, gaya wa malamin nan ya cire safa," in ji Walter. "Mutum ya zo bakin teku kamar zai je kotu."

"Goggo, gaya masa ya rufe ƙirjinsa," in ji Desmond. "Yana korar mana tsuntsaye."

"Ku biyun ku ɗaga ƙafa, shara nake yi."

Shekara goma sha biyar suna haka. A ta ƙarshe, 1988, Walter ya zo a rame, ƙanjamau ta gama da shi kamar yadda take gamawa da mutanenmu a shekarun nan. Desmond ne yake goya shi ya hau da shi bene. Odete ta dafa masa miyar ganye da tsiran alade irin ta mahaifiyarta, cokali uku ya sha ya ce ta fi ta bara gishiri, don kawai ya haɗa ta faɗa da Maxine. Ranar tafiya shi ya nace sai an yi hoton matakala.

A watan Nuwamba wayar gidan ta yi ƙara da hantsi. Desmond ne. Ya ce Walter ya rasu, jana'iza ranar Alhamis ƙarfe goma a cocin unguwarsu. Bai ce ta zo ba, amma ya maimaita sunan titin sau biyu. Odete ba ta tuƙi, ni na kai ta.

Coci ya cika. Dangin Walter suna gaba, suna gaya wa mutane ciwon huhu ne. Desmond yana can layi na biyun ƙarshe, cikin maƙwabta. Wanda yake raba takardun waƙa a bakin ƙofa hedimastan makarantar Desmond ne, domin coci ɗaya suke zuwa. Odete ta taɓa ni da gwiwar hannu ta nuna min shi da ido. Walter ya sha kwaikwayon tafiyarsa a barandarmu, ba yadda za a yi mu kasa gane shi.

Da aka fito, ƙanwar Walter tana tsaye a matakalar coci tana yi wa mutane godiya. Muna layi sai Desmond ya hango mu. Mutumin da ya yi awa guda bai motsa fuska ba, nan take ta narke. Ya taho, ya miƙo hannuwa biyu.

"Goggo," ya ce. Kuma bai rage murya ba.

Ƙanwar ta juyo. Hedimasta yana taku uku daga wurin.

Odete ta gyara riƙon jakarta. "Sannu, malam. Ina jin ka ɗauke ni wata ce."

Hannuwansa suka tsaya a sarari na ɗan lokaci, sannan ya cusa su a aljihun kwat. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Na yi kuskure." Ya sauka matakala ya bi titi shi kaɗai.

"Ke kuma a ina kika san yayana?" ƙanwar ta tambaya.

"Shi yake yi min inshorar gida," in ji Odete.

A mota mun yi nisa. Can ta ce, "Na yi daidai, Vernon. Ka ga hedimastan?"

"Na gan shi."

"Da na rungume shi, Litinin ba shi da aiki."

"Haka ne," na ce. Ni ma abin da na ɗauka ke nan.

"Zai zo Agusta. In zaunar da shi a kicin in yi masa bayani. Ai ya san doka."

Ya san ta, shekara goma sha biyar yana bin ta. Abin da ba mu gane ba a ranar, don Odete ta karya dokar ya kira ta. A cikin duk mutanen da suka cika cocin nan, mu biyu kaɗai muka san matsayinsa a wurin mamacin, kuma ba wanda ya yi masa ta'aziyya irin wadda ake yi wa mai gawa.

Agusta ta zo, Odete ta shimfiɗa gado a ɗaki na huɗu, ta buɗe taga. Jirgin rana ya sauke mutane, na yamma ya sauke, babu Desmond.

"Rubuta masa wasiƙa," in ji Maxine.

"Da hatimin garin nan?"

"Ki je Boston ki jefa ta a can, mai taurin kai."

Ta rubuta. Na ga ambulan ɗin a ƙarƙashin kwanon sukari har lokacin sanyi ya shigo, daga nan ban ƙara ganinsa ba. Baɗi ta sake shimfiɗa gadon. Zamani ya yi ta juyawa. Aka fara ɗaura aure a bakin tekun da a da 'yan sanda suke korar mutane. Baƙin yanzu kafin su gama shan kofi sun ɗauki hoto a waya sun tura wa iyayensu mata. Dokar gada ta mutu ba wanda ya sanar. Babu sauran abin da ya hana ta neman Desmond sai kunya.

"Bayan shekara goma me zan ce masa?" ta ce min wata rana muna fere dankali. Da shekarun suka kai ashirin, ta daina ɗaga maganar. Gadon dai ba ta fasa shimfiɗawa ba, ko da gwiwa ta sa hawa benen ya koma mata aikin rabin awa. Mutane sun roƙe ta ɗakin a satin da gari yake cika maƙil, ta ce an kama.

Bana, da maganar sayar da gida ta tabbata, muka sauko da gwangwanaye. Muka nemi masu su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka zo suka zauna a baranda suna dariya suna share ido. Na waɗanda suka mutu ba magaji, ta ƙona a bayan gida da hannunta, kamar yadda ta yi musu alkawari. Saura ɗaya.

Makon jiya wata tsohuwar nas daga Worcester ta zo karɓar nata, ta ga sunan da ke jikin wanda ya rage.

"Desmond Kealy? Ai yana nan da ransa. Duk Asabar ina ganinsa a kasuwa da sandarsa, yana sayen tumatir biyu. Yana nan a tsohon gidansa."

Odete ta ce, "A ƙara miki kofi?"

Yau da safe, bayan masu gardamar fatalwa sun cinye ƙwansu sun tafi bakin teku, sai ga ta a ƙofar kicin da takalmin fita, gwangwanin a hammata.

"Ina zuwa da takalmin ganin likita, Goggo?"

"Tsohuwar motarka tana tashi?"

"Ta fi ki lafiya."

"To kwanuka za su jira."

Na kashe famfo. "Awa uku ce fa. In kuma ya rufe miki ƙofa?"

"Yana da hakki. Sai in ajiye masa wannan a bakin ƙofar. Nasa ne. Walter ne a ciki sau goma sha biyar, kuma ba shi da ko ɗaya."

Ta dafa ƙofar firiji, ta ɗan huta. Shekararta tamanin da huɗu, ban taɓa jin ta ce don Allah ga kowa a gidan nan ba.

"Goge hannunka ka kai ni Worcester, Vernon. Idan mun isa ka riƙe ni a matakala, amma don Allah kada ka riga ni magana. Ka bar ni in kira sunansa da bakina, ko da duk unguwar na tsaye tana ji."