Ta Kano ko ta Nguru

Ranar wata Laraba ce, a tsakiyar daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, lokacin ina aji uku idan ban yi kuskure ba. An yi ruwa da safe, ƙasar tsakar gidanmu a Maruta ta yi laushi, awaki sun lafe a gindin rumbu. Kawu Ilu, yayan Innarmu, ya tsuguna da tsinke yana zana layin dogo tun daga bakin zaure har madafi. Mu kuwa, yaran gida da na maƙwabta, mun zube ciyawar da muka yanko, mun jeru kowa ya riƙe bayan rigar na gabansa. Babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinmu, domin daga Gwaram har Birnin Kudu ba a shimfiɗa dogo ko taku ɗaya ba. Duk abin da muka sani daga bakin Kawu ne, wanda ya yi shekaru yana aikin duba layi a wata ƙaramar tasha tsakanin Kano da Nguru, sannan ya dawo da akwatin ƙarfe da tutoci biyu, bai ƙara komawa ba.

Layi ɗaya ne tak, in ji shi, mai tafiya da mai dawowa duk shi suke bi. Sai a tasha yake rabuwa biyu, wani jirgin ya raɓe wani ya wuce, sannan ya sake haɗewa. Da karan dawa yake kafa mana sigina, dogo a tsaye, gajere a gicciye kamar hannu. In hannun ya miƙe, tsayawa ke nan. In ya sunkuya, hanya ta buɗe. Koriyar tuta ka wuce, ja kuwa ka tsaya ko da uwarka ce ke kiranka a gaba. Turmin Inna shi ne gada, kuma duk wanda ya nufo shi da gudu fitar da shi ake yi daga wasa, saboda a bakin kowace gada da kwana akwai allo mai lamba, direba ba ya haura abin da aka rubuta. Ya sha faɗa mana lambobin, amma ba zan kawo su ba, kada in yi masa ƙarya. Abin da na riƙe shi ne maganarsa: "Alamar da ba ka gane ba, ja ce."

Ran nan sai ya canza wasan. Ya kwantar da turmin, ya raba yara gida biyu, ya ɓoye wasu a zaure, can ne Kano, wasu a bayan madafi, can ne Nguru. Ni kuma ya tsayar da ni a tsakiya, ya danƙa mini jar tuta. "Sani, ruwa ya cinye gada, kai kaɗai ne a wurin," in ji shi. "Jirgi ba jaki ba ne da zai tsaya nan take, sai ka yi nisa ka tare shi. Ta Kano za ka gudu ko ta Nguru?" Na sheƙa zaure ina dariya. Sai ga jirgi ta madafi yana ihu, suka faɗa kan turmi suka zube, ƙanwata Hajara da ke gaba ta baje a ƙasa ta fito da harshe wai ta mutu. Kowa na dariya ban da Kawu. Yana tsaye yana kallonta, leɓɓansa na motsi. Inna ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Yaya, don girman Allah ya isa haka. Yara ne."

Da kaka, muna ɓarar gyaɗa, Inna ta ba ni labarin a taƙaice. Abin ya faru da shi da gaske, da rana tsaka. Ya gudu ta Kano domin daga can ake sa ran jirgin fasinja, ashe akwai na kaya da ya makara daga Nguru. Mutum ɗaya ya rasu, mai zuba wa injin kwal, wanda kan jefo wa Kawu goro duk lokacin da suka wuce. Ta ce ba wanda ya ɗora masa laifi. Amma kowace damina sai ya tsayar da wani yaro a tsakiyar gida da tutar nan, kuma duk inda yaron ya nufa, ta ɗaya ɓangaren jirgin ke ɓullowa. Ko shi ke yi musu alama, ko haka kawai take kamawa, ban sani ba.

Shekarar da na gama jami'a, lokacin manyan motoci sun cika titi har an fara mantawa da jirgi, na sami Kawu kwance a asibitin Birnin Kudu, ya rame ƙwarai. Bayan mun gaisa ya kama hannuna ya ce, "To, mai digiri, yanzu ka yi ilimi. Ta Kano ko ta Nguru?" Na auna magana, sannan na ce, "Ya danganta, Kawu." Na shiga kawo masa bayanin lokutan jirage da gangaren hanya da nauyin kaya, ina gudun in faɗi abin da ban tabbatar ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya saki hannuna, ya juya fuskarsa bango, ya ce, "Haka ne. Ya danganta." Bai cika mako ba ya rasu.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, yaran Hajara ba su san wasan ba, kuma na ji an ce jirgin ma da wuya yake bin layin. A wurin aiki ana yaba mini da rashin gaggawa, wai ba na sa hannu a takarda sai na karanta sau biyu. A wajen Kawu na koya. Sai dai ran nan a asibiti ba bayani yake nema ba. So yake wani ya ce masa shi ma can zai nufa, kuma da ƙafafuna na taɓa nufar can ina yaro, ban tsaya tunani ba. Ta Kano ne, Kawu. Na makara da faɗa.