Farcen Kawu da Kan Zogale

Jiya akuyar maƙwabta ta shigo gida ta cinye kan zogalena. Har na cire takalmi zan jefe ta, sai marigayi kawuna, yayan mahaifiyata, ya faɗo mini a rai.

Bayan ya bar aikin ma'adinai a Arlit, garka ya kama a bayan gari, yana ban ruwa da tiyo. Ba ya wuce ɗan zogale bai tsinke masa kai da farce ba. Babban yatsansa kullum kore ne, in kun gaisa sai ƙanshin ɗanyen ganye ya bi hannunka.

Wata safiya awakin wani makiyayi daga Gougaram suka fasa shinge, suka gwaguye kan shukar da Kawu yake ci da iyalinsa da ita. Ni ina ta faɗa, shi kuwa ya durƙusa yana shafa gindin kowace.

"Kwantar da hankalinka, ɗana," ya ce. "A kai take yin tsawo, amma in kai ya tafi, idanun da ke hammatar ganye sai su farka su yi rassa. Abin tsoro shi ne ɗanyen nan na ƙarƙashin ɓawo, inda take yin kauri. Shi kuma ba su taɓa shi ba."

Ya ba makiyayin ruwa ya sha, ya sallame shi. Kafin lokacin zafi, garkar ta cika fiye da yadda take a da.

Na mayar da takalmina, na durƙusa na shafa gindin zogalena. Ɓawon lafiya lau.

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya saukar da kai a garkar da ba ta buƙatar shinge.