Wasan Kwamfutar da Ya Kusa Hana Ƙauye Rijiya

Har yau ban manta da ranar da mutanen wani ƙauye suka tsaya a gaban motarmu, suka ce ba za mu sa diga a ƙasarsu ba. Ƙauyen yana tsakanin Gagarawa da Ɗanzomo. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutanen suna nan da ransu, kuma muna gaisawa. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka zo bayanmu, tunda yanzu kowannenku da na'ura a hannu yake fita aiki.

A lokacin ni ne heluman masu haƙa rijiya a sashen ruwa na ƙaramar hukumarmu. Heluma shi ne shugaban leburori a wurin aiki, shi ke amsa tambaya idan wani abu ya lalace. Karatuna bai wuce firamare ba. Da jan igiya na fara, sannan na yi shekaru ina shiga rami, kafin a ba ni wannan matsayi.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ƙauye zai rubuta takardar roƙo ta hannun bulama, wato mai garin. Idan layi ya zo kansu, sai mu je mu zaɓi wuri, ma'aikacin ofis ya ɗauki lambar wurin da wata 'yar na'ura mai kama da waya, ya shigar a kwamfuta. Daga nan a kawo tsakuwa da siminti a zuba zobba. Ana haƙa ana sauke zoben siminti, domin ƙasarmu rairayi ce, ba ta tsayuwa da kanta. Kuma dole a gama kafin ruwan sama ya sauka. Jiƙaƙƙen rairayi ba ya jiran kowa, rufta wa mutum yake yi.

Ma'aikacin ofis da aka haɗa ni da shi sunansa Sagiru, mutumin Gumel, mai difloma, magidanci da 'ya'ya biyu. Ranar Alhamis muka je muka zaɓi wuri. Ya zagaya da na'urarsa ya ɗauki lamba. Ni kuma na bi direba zuwa Gagarawa Tasha neman motar tsakuwa, na bar shi a gindin wata tsamiya da kwamfutar ofis, na ce ya cike takardu kafin mu dawo.

Ranar Litinin muka komo da kayan aiki, muka tarar da dattawa sun yi layi a kan hanya. Na sauka na gaida Bulama. Ya amsa a taƙaice.

Ya ce, "Heluma, mun fasa. Ku juya da kayanku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara uku kuna roƙon rijiyar nan. Me ya faru?"

Ya ce, "Ba ruwa kuka zo nema ba. Ma'aikacinku ya zagaye gonakinmu da na'ura, sannan ya zauna ya buɗe allo. Mutum huɗu sun tsaya a bayansa, sun ga cikin ƙasarmu a yanke kamar an yanka kabewa. Sun ga duwatsu masu ƙyalli, sun ga akwatuna, har ƙasusuwan mutane sun gani. Mun ji yadda ake yi. Da awo ake farawa, da gona ake ƙarewa."

Na juya na dubi Sagiru. Ya sunkuyar da kai. Ban yi gardama ba, na ce direba ya juya.

Gaskiyar magana, ni ma zargin ya shige ni. Na daɗe ina lura cewa duk sanda na shiga ofis, Sagiru sai ya yi wuf ya rufe kwamfutar. A hanya na yi ta tunanin ko wasu masu neman ma'adinai ne suka saye shi, yana yi musu leƙen ƙasa da kayan hukuma, da sunan aikina.

Na kai wa Injiniya, shugaban sashenmu, rahoto. Ya ce, "Malam Habu, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ba ka zuwa Juma'a. Idan ba ku fara ba, ka kwashi zobba da leburori zuwa ƙauye na gaba a wajen Maigatari. Su kuma su koma ƙarshen layi." Na san abin da ƙarshen layi yake nufi. Matan ƙauyen nan tafiyar fiye da awa guda suke yi kafin su samu ruwa.

Bayan azahar na kira Sagiru ɗakin ajiyar kaya, na rufe ƙofa. Na karɓi 'yar na'urar awon na kulle a durowa. Na ce, "Buɗe abin da ka buɗe a gindin tsamiya."

Ya ce, "Baba Heluma, wallahi wasa ne kawai."

Na ce, "Ban tambaye ka sunansa ba. Buɗe."

Abin da na fara gani ya ƙara mini zargi. Ƙasa ce a yanke daga gefe, daidai yadda Injiniya yake zana rijiya a takarda: sama a bisa, ciyawa a tsakiya, cikin ƙasa a ƙasa. Wani ɗan mutum da bai wuce tsawon ƙwayar wake ba yana tsaye a kai. Ba ya zuwa gaba, ba ya zuwa baya, sai dama ko hagu, duniyar kuma tana janyewa tana bin sa. Yana riƙe da gatari da diga. Sagiru ya sa shi ya sare bishiya, itacen ya ɓace a jikinsa. Da itacen ya haɗa teburin aiki. A kan teburin ya haɗa ƙofa da kujera da fitilar itace. Sannan ya shiga haƙa, ya samo dutse ya gina maƙera, ya narka wani ƙarfe ya ƙera diga mai ƙarfi, da ita kuma ya ƙara nitsawa ya samo wani ƙarfen da ya fi na farko.

Na ce, "Wa ya aike shi?"

"Ba kowa, Baba."

"Wa ya ba shi izinin sare itacen?"

Ya yi kamar zai yi dariya, ya ga fuskata, ya fasa.

Na ce, "To idan ya gama, wa zai kai wa rahoto?"

Ya ce, "Ba a gamawa. Ka gina gida in kana so, ka haƙa in kana so, ka yi ta tafiya in kana so."

Wannan amsa ba ta yi mini ba ko kaɗan. Aikin da babu wanda ya sa ka, babu ranar gamawa, babu mai dubawa, ban taɓa jin irinsa ba, kuma ban yarda mutum zai zauna ya ƙera shi a banza ba. Don haka na gwada shi ta hanya uku. Na sa ya kashe duk wata hanyar da kwamfutar take magana da waje, wasan ya ci gaba. Na sa muka ɗauke ta zuwa bayan masallaci, sannan zuwa bakin titi, hoton bai canza ba, ramin da ke nan shi ne a can. Na sa ya buɗe sabuwar duniya sau uku a wuri ɗaya, kowacce ta fito daban, ɗaya ma har da farin ƙanƙara a kan tudu. A nan na tabbata ba ƙasarmu take gani ba.

Daga nan na ce ya ba ni in taɓa da hannuna. Ya nuna mini maɓallai. Na haƙa tsaye zuwa ƙasa, kamar yadda na saba. Babu igiya, babu mutum a bakin rami, babu zobe, babu wanda ya sauke fitila ya gwada iska. Can ƙasa ta buɗe, ɗan mutumin ya faɗa wani kogo mai duhu, wani abu mai siffar ƙashi ya taso ya doke shi, ya mutu. Kafin in ce innalillahi, sai ga shi ya tashi a bakin gidansa garau, da digarsa a hannu.

Na ture kwamfutar. Ni na taɓa fito da abokin aikina daga rami babu rai, na raka shi makwancinsa. Ban ga abin dariya ba. Amma zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna faɗa: da na duba agogo, la'asar ta kusa, ban san lokacin ya tafi ba. Wannan ma na sa shi cikin laifin abin.

Washegari muka koma ƙauyen, ni da Sagiru kaɗai, babu kayan aiki sai kwamfutar. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Bulama. Na yi bayani a tsare, na kawo gwaje-gwajena uku. Suka saurara har na gama.

Bulama ya ce, "Heluma, kai dattijo ne. So kake mu yarda cewa hukuma ta sayi na'ura mai tsada, ta ba magidanci mai gemu, don ya zo ƙauyenmu ya yi wasan yara?"

Ni ma da wani ne ya faɗa mini haka, ba zan yarda ba. Na ga duk abin da ya fito daga bakina, bakin hukuma ne a wurinsu. Sai na ce, "A cikinku akwai wanda ya taɓa haƙa rijiya?"

Aka nuna wani tsoho a gefe, Malam Tanko. Shi ya haƙa tsohuwar rijiyar garin da ta ƙafe. Na ce, "Malam, matso. Ni ba zan ƙara cewa komai ba. Ga kwamfutar a buɗe, kai ka ba Sagiru umarni, ka faɗa wa mutanenka abin da ka gani."

Ya matso yana ɗingishi, ya kusa manna fuska da allon. Ya ce wa Sagiru, "Kai, ɗan boko, ce masa ya haƙa nan." Ɗan mutumin ya fara. Tsohon yana ta ƙirga zurfin ramin da yatsa.

Ya ce, "Tsaya. Mene ne wannan mai toka-toka?"

Sagiru ya ce, "Dutse ne, Baba."

"A gaba uku?" Gaba ita ce faɗin hannuwa biyu a miƙe, da ita muke auna rami. Ya juya ya dubi jama'a. "Dutse a gaba uku, a garin nan? Mu da ko dutsen murhu sai mun yi cura da laka? Ina jar ƙasa? Ina farin yashin nan mai zubowa da ya kusa cinye ni?" Ya koma kan allon. "Ci gaba. To, ina yake zuba ƙasar da yake haƙowa? Ban ga guga ba, ban ga mai ja ba."

Sagiru ya yi ƙasa da murya ya ce, "A aljihu yake sawa."

"A ina?"

"A aljihu, Baba."

Malam Tanko ya yi baya ya zauna daɓas. Ya ce, "Gaba goma na ƙasa a aljihun wando! Bulama, wannan ɗan banzan bai taɓa haƙa ko shadda ba. Wanda ya zana shi kuma bai taɓa taka garin nan ba." Wuri ya kaure da dariya, har waɗanda suka ce sun ga akwatuna.

Bulama bai yi dariya ba. Ya jira aka yi shiru, sannan ya ce, "Mun ji. Allon ƙarya ne. Amma ƙaryar allo ba ta nuna gaskiyar mutum. Za ku haƙa bisa sharaɗi biyu. Wannan na'ura ba za ta sake shigo mana gari ba. Kuma duk gugan ƙasar da ya fito, a gaban Malam Tanko za a juye shi."

Na amince a take. Ranar Alhamis muka sa diga. Sagiru kuwa na rubuta rahotonsa yadda abin ya faru, ban ƙara ba ban rage ba, aka ba shi takardar gargaɗi kan wasa da kayan ofis a lokacin aiki. Bai ji daɗi ba, amma ya ci gaba da gaishe ni.

Sharaɗi na biyu ya ja mana lokaci ƙwarai. Tsohon ya zo da rariyar matarsa, ya kafa kujera a bakin rami, guga bayan guga yana tankaɗewa. Idan ya tafi salla, aiki ya tsaya. Leburori suka yi ta gunaguni, na ce duk wanda ya juye guga a bayan idon tsohon ya bar mini aiki. Abin da ya samu a makonnin nan duka, guntun tsohuwar tukunya ne da saiwoyi. Hadari yana haɗuwa yana watsewa, ni kuma kullum idona a gabas. Muka taɓa ruwa, muka sauke zoben ƙarshe, muka ɗaure bakin rijiyar. Kwana biyu tsakani aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, wanda da ya same mu da rami a buɗe da an yi asarar aikin gaba ɗaya.

Da muka zo sallama, Bulama ya sha ruwan a ƙwarya, ya yi mana addu'a. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ruwa dai mun gani, mun gode. Waccan lambar da kuka ɗauka kuwa, tana wurinku har yanzu." Na ce tana nan, a littafin rijiyoyi. Ya gyaɗa kai, bai ce ya yarda ba.

Ban ga laifinsa ba. Manomi ba shi da komai sai ƙasar da yake tsaye a kai, kuma duk abin da ka fito da shi daga jaka a gabansa, kayan hukuma ne a idonsa, ko da kai a wurinka abin rage zaman jira ne. Don haka idan kun je ƙauye, ku nuna kowace na'ura, ku faɗi aikinta kafin ku kunna. Idan zargi ya shiga, kada ku dogara da bayaninku, ku nemo mai sana'ar a cikinsu ku ajiye abin a gabansa. Kuma idan suka ce za su tankaɗe ƙasarsu guga bayan guga, ku tsaya su tankaɗe.