Hannuwan Aro na Inna Suwaibatu

Ƙyamar mutum mugun ciwo ce. Mai ita ba ya kwanciya, ba ya rama, wani har ƙiba yake yi, sai ranar da ta tashi karɓar hakkinta. Akwai wadda ta yi ta a unguwarmu nan Faskari, kuma zan faɗi abin da ta girba. Amma ba don ita na zauna rubutun nan ba. Don Inna Suwaibatu mai alkaki na zauna, wadda ta sauke kasko bayan Babbar Sallar da ta wuce, ba kiɗa ba guɗa, kamar ba ita ce ta ciyar da bukukuwan garin nan tun muna da baƙin gemu ba.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nata tun mijinta Malam Yahya yana raye, Allah ya jiƙansa. In na dawo daga masallaci da asuba, tarinta nake fara ji, sannan ƙarar itace, sannan hayaƙi ya tsallako mana. Kafin rana ta yi zafi ta buɗe kwaɓin alkamar da ya kwana, ta ɗanɗana tsaminsa da bakin harshe, ta san yawan ruwan kanwar da yake so. Can gefe sukari yana dahuwa da tsamiya. In ana gab da Sallah, ga cincin, ga dubulan, ga kek da take gasawa cikin gwangwanayen madara, yashi a ƙasan tukunya, garwashi bisa murfi. In garar amarya ce, sai turmin nakiya ya shigo ciki. Haka za ta wuni tsakanin wuta da wuta har la'asar, idonta ja, bayan hannunta duk tabon tsartuwar mai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma mu nan zomon kawai muke ci, gudun Inna ce ke yinsa.

Tana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba. Kaskon farko na kowane aiki nata ne, da alkamarta take yinsa, kuma ba na sayarwa ba ne. Ɗanɗano take ce masa. Ta zuba a ƙananan kwanoni, a kai gidan da aka yi rasuwa, a kai wa mai jego, a kai wa tsohon da 'ya'yansa suka yi nisa. Lokacin da na yi jinyar ƙafa, kwanon nan bai taɓa tsallake ƙofata ba, ga shi kuwa haƙoran da zan tauna sun daɗe da yi mini sallama. Na aika a ce mata ta daina wahala. Ta aiko da cewa, “A ce ma Malam ya tsotsa, ai zaƙin ba ya buƙatar haƙori.”

To, rai dangin goro ne, hutu yake so, ita kuwa ba ta ba nata ba. Sanyin ƙashi ya kama yatsunta, suka fara ƙagewa. Alkaki kuwa aikin yatsa ne. Sai an murza kwaɓin ya yi siriri, a lanƙwasa, a naɗe, ɗaya bayan ɗaya har a cika fanteka. A daidai shekarun nan ne daji ya ƙi zaunuwa. Mutanen ƙauyukan da ke bayan Yankara suka riƙa shigowa gari da tabarma da tukunya, wasu a kango, wasu a zauren mai tausayi. Mun gaji da gani, mun gaji da jana'iza, har muka fara wuce su kamar ba mu gan su ba. Wannan abin kunya ne, amma haka aka yi.

Cikinsu akwai Hussaina, wadda ta baro mijinta a kabari da hatsinta a rumbu. Ɗibar wuta ta shigo yi gidan Inna. Mai ɗakina Baraka tana wurin, ita ta ba ni labari. Ta ce Hussaina ta tsaya da kaskon garwashi a hannu tana kallon yadda kwaɓi ke kuɓuce wa tsohuwa, sai ta ce, “Inna, in ba za ki ji haushi ba, ni ma na taɓa yi a garinmu.”

Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Ga sabulu can bakin randa. Ki yanke farce. In kika naɗa mini mai kama da igiyar akuya, ke za ki cinye abinki.”

Ba ta naɗa igiyar akuya ba. Kafin damina ta fita Hussaina ta kawo wasu matan irinta, suka zama su ne yatsun Inna. Inna ke kwaɓi, ita ke gane tsami, ita ke tsaye kan mai da sukari, su kuma su murza su naɗa. Da yamma kowace ta koma da abin sa wa yara a baki. Ba wanda ya ɗora wa Inna wannan nauyi. Ba ƙungiya ba ce ita, ba hukuma ba ce. Tsohuwa ce mai kasko.

Sai mu zo kan Hajiya Zulfa. Matar wani babban ɗan kasuwar hatsi ce, kuma ita ce babbar mai ba Inna aiki. Sallah, suna, walima, duk daga nan ake ɗaukar mata. Inda ta sa ƙafa nan ƙawayenta ke sawa, don haka rabin abin da gidan Inna ke ci ta hannunta yake biyowa. Ba ta taɓa zuwa da kanta ba, aike take yi, amma a gaban baƙi bakinta ba ya gajiya da cewa duk ƙasar Katsina babu hannu irin na Inna Suwaibatu.

Da auren 'yarta Sumayya ya tashi, za a kai ta Ƙanƙara, ta aiko da kayan gara: alkama, mai, sukari, har da zuma. Wanda ya san al'adarmu ya san gara ita ce fuskar gidan amarya a wurin dangin miji, kuma alkaki ake fara buɗewa. Inna ta kwaɓa, kwaɓi ya kwana, ya tashi yadda ake so. Ranar naɗi, mata sun kewaye faranti, sai ga Hajiya da kanta, wai ta zo ganin yadda aiki ke tafiya. Baraka tana cikin masu taya aiki ranar, ni kuma ina zaune gindin katangata, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne.

Ko amsa sannu da zuwa ba ta gama yi ba ta ce, “Inna, su wa nike gani haka?”

“Masu aikinki ne, Hajiya. Ga tabarma.”

“Waɗanga ba 'yan gudun hijirar da ke kwana kangon bayan kasuwa ba ne? Su ke taɓa abin da za a kai gidan surukaina? Wa ya san inda hannunsu ya kwana?”

Hussaina ta ajiye abin da ke hannunta, ta fara gyara mayafi. Ta ce, “Inna, bari mu tashi. Kada mu ja miki.”

Inna ta ce, “Zauna, ɗiyata. Ni na kira ki, ni zan sallame ki.” Sannan ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna wa Hajiya. “Dubi nan da kyau. Yatsun nan ko carbi da ƙyar suke ja. Alkakin da kika raba da Alhaji ya dawo Makka, kina cewa hannuna ne, hannun Hussaina ne. Na sunan jikanki ma haka. Kin ci, baƙinki sun ci, ban ji an kai kowa asibiti ba.”

“Ashe ƙazanta kike ba ni tuntuni.”

“Abin da nike ci shi nike ba ki.”

“To, ki zaɓa. Ko su fita a nemo 'yan gari, ko in kwashe kayana. Kuma kin san in na tahi ba ni kaɗai zan tahi ba.”

Inna ta sani. Ta san ƙawayen Hajiya, ta san tsadar sukari, ta san bakunan da ke jiran kaskon nan. Baraka ta ce da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, “Hajiya, kwaɓin ga ya kai. In ba a naɗa shi yau ba, gobe ko awaki sai sun yi shawara. Ki bari a gama ma yarinya gararta, bayan biki ki yi fushin da ni har iyakar ƙarfinki. Amma wadda ta shigo gidana da yunwa ba zan kore ta da wulaƙanci ba.”

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Hajiya ta sa aka kwashe kwaɓi da mai da sukari da zuma aka zuba a mota.

Ta ɗauka hannu abin saye ne kamar albasa. Ta aika gida-gida neman masu naɗi. Amma labari ya riga ɗan aike isa. Wannan ta ce kanta ke ciwo, waccan ta ce maigida bai ba ta izini ba, wata ta aiko da cewa ita ma kakanta daga ƙauye ya zo, tana tsoron kada ta ɓata wa Hajiya gara. Waɗanda suka je don kunya ba su iya ba. Kwaɓi ya ƙara kwana, ya yi tsamin da ya wuce gyara. Aka antaya masa kanwa, aka jefa a mai, ya watse kamar tsaki. Ranar kai gara sai katan-katan na biskit ɗin kanti aka jera inda alkaki zai zauna. Waɗanda suka raka sun ce wata tsohuwa a dangin ango ta bi fanteka tana buɗewa tana rufewa, sannan ta tambaya a hankali, “Halan bana alkama ba ta yi ba a Faskari?”

Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take Allah ya buɗa wa Inna wata ƙofa ba. Ƙawayen Hajiya sun janye kamar yadda ta ce. Ƙaramar Sallar da ta biyo baya, akwai ranakun da hayaƙi bai tsallako katangata ba. Inna ta sayar da tunkiyarta. Matan nan suka riƙa zuwa ko babu aiki, su yi mata shara, su ɗebo ruwa, abin da ya samu a raba. Ban ji ta ambaci sunan Hajiya da mugun baki ko sau ɗaya ba. Da Baraka ta tsokano zancen, cewa ta yi, “Bar ta, Yaya. Yarinyar nike tausayi.” A hankali talakawa irinmu suka riƙa kai ɗan abin da suke da shi, mai suna, mai saukar karatu, har murhu ya koma tashi. Bai koma kamar da ba. Ita ma ba ta koma kamar da ba. Hayaƙi ya cinye mata ido, ƙafa ta ƙi tsayuwa, shi ya sa ta kira Hussaina ta danƙa mata kasko da matsami a gaban shaidu.

Inna Suwaibatu, uwar kasko, zaƙin gidan makoki. Ke ce kika tuna mana abin da malamai ke faɗa kullum muna gyangyaɗi. Ke ce aka ce ki zaɓa tsakanin abincinki da mutuncin baƙuwa, kika zaɓi mutuncinta alhali ba ki san abin da za ki ci gobe ba. Mu maza masu rawani da dogon gemu mun wuce mutanen nan a bakin hanya, ke mai ƙagaggun yatsu kika matsa musu a tabarma. Mun gode. Allah ya sanyaya miki idon da wuta ta ƙona, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya haɗa ki da Malam Yahya a inuwar da babu hayaƙi.

Ku kuma masu sana'a, mata da maza, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da wurin zama ɗaya a bakin aikinsa ya ba wanda daji ya koro. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma babu wanda ya rubuta da Allah cewa garinsa ba zai tashi ba.

Ita kuwa Hajiya Zulfa, ga abin da ƙyama ta ci mata. Ta ci alkamarta da manta da zumarta, an zuba a juji. Ta ci mata fuska a Ƙanƙara, inda har yau in za a kwatanta 'yarta sai a ce amarya mai biskit. Ta ci mata matan unguwa, waɗanda ke gaishe ta a tsaye su wuce. Sannan ta ci mata abin da kasuwa ba ta sayarwa. Sumayya ta ji duk yadda aka yi. Zuwanta gida na farko, da ƙafarta ta shiga wurin Hussaina ta durƙusa ta ba ta haƙuri. Tun daga ranar, in ta zo daga Ƙanƙara, ƙofar Inna take fara sauka. Nan take kwance goyo, nan take cin abinci. Gidan uwarta sai da yamma take isa, a ƙoshe.